Sinadarai masu dagula homon da ciwon sukari: Yadda ake auna su a jikin ɗan Adam

Adadin masu fama da ciwon sukari a duniya ya tashi daga mutane miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a shekarar 2022, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan mutane suna fama ne da nau'i na biyu na cutar, wanda ke samuwa idan jiki ya daina amfana da sinadarin insulin yadda ya kamata.

Likitoci sun daɗe da sanin manyan abubuwan da ke haddasa wannan nau'i, waɗanda suka haɗa da ƙiba, da rashin motsa jiki, da irin abincin da ake ci, da gado, da kuma yawan shekaru.

Sai dai tun daga shekarun 1990 masana kimiyya suke nazarin ko wasu sinadarai da ɗan Adam ya ƙirƙira, waɗanda ke cikin robobi da magungunan ƙwari da hayaƙin masana'antu, suna da hannu a wannan ƙaruwa.

Amsar wannan tambaya ta ta'allaƙa ne a kan wata tambayar: ta yaya ake sanin yawan sinadarin da ya shiga jikin mutum?

Mene ne sinadarai masu dagula homon?

Homon wasu sinadarai ne na halitta da jiki ke samarwa domin aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata ta cikin jini.

Su ne ke tsara girma, da balaga, da haihuwa, da yadda jiki ke sarrafa abinci. Insulin ɗaya ne daga cikinsu, kuma aikinsa shi ne bai wa sukarin da ke cikin jini damar shiga ƙwayoyin jiki.

Kaɗan daga cikin homon ya isa ya yi aiki, shi ya sa wani baƙon sinadari da ya yi kama da shi zai iya rikita saƙon, ko da kuwa yawansa bai taka kara ya karya ba.

Wani yana kwaikwayon homon, wani yana toshe masa hanya, wani kuma yana sauya yawan da jiki ke samarwa.

An fara amfani da sunan da aka san su da shi a yanzu ne a wani taron masana da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka a shekarar 1991, wanda masaniyar kimiyya Theo Colborn ta jagoranci shirya shi.

Wani rahoto na 2012 da WHO da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, suka shirya ya ce akwai sinadarai kusan 800 da aka sani ko ake zargin suna da wannan illa.

Waɗanne ne aka fi yin nazari a kansu?

Dangane da ciwon sukari, masana na kasa su gida biyu, bisa tsawon lokacin da suke yi a jiki.

Rukunin farko su ne masu daɗewa. A cikinsu akwai maganin ƙwari na DDT, da sinadaran PCB da aka riƙa zubawa a taransifoma ta lantarki, da dayokzin da ke fitowa idan an ƙona shara ko a wasu ayyukan masana'antu.

Waɗannan suna taruwa ne a cikin kitse, suna kuma shiga jikin mutum galibi ta nama da kifi da madara da ƙwai.

Sinadaran PFAS, da ake amfani da su wajen haɗa tukwanen da abinci ba ya mannewa a jikinsu da kumfar kashe gobara, su ma masu daɗewa ne, amma a jini da hanta suka fi zama.

Rukuni na biyu su ne masu saurin fita daga jiki. Fitacce a cikinsu shi ne bisfenol A, ko BPA, wanda ake amfani da shi wajen yin roba mai tauri, da shafen da ake yi wa cikin gwangwanin abinci, da kuma wasu takardun rasit.

Akwai kuma sinadaran fitalet, waɗanda ke sa roba ta yi laushi, ana kuma samunsu a wasu turaruka da kayan shafa.

Ta yaya za su iya shafar sukarin jini?

Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi da ƙwayoyin halitta sun nuna hanyoyi da dama.

Wasu sinadaran suna shafar gaɓar fankiriyas, wadda ke bayan tumbi, kuma ita ce ke samar da insulin. Wasu suna sa tsoka da hanta su rage jin tasirin insulin. Wasu kuma suna ƙara yawan ƙwayoyin da ke tara kitse.

Tun a shekarar 1936 wasu masana a Ingila suka nuna cewa BPA yana kwaikwayon homon na mata da ake kira istirojin.

A shekarar 2006 kuma, ayarin masu bincike ƙarƙashin Farfesa Angel Nadal a ƙasar Sifaniya ya ba da rahoton cewa ɓerayen da aka ba su BPA na kwana huɗu sun samar da insulin fiye da kima, jikinsu kuma ya rage jin tasirinsa.

To amma ɓera daban, mutum daban. A ɗakin gwaje-gwaje an san ainihin abin da aka bai wa dabba, a rayuwar yau da kullum kuwa dole sai an auna abin da ya riga ya shiga jikin mutum.

Yaya ake yin awon?

Tambayar mutum abin da ya ci ko ya taɓa ba ta wadatarwa, domin babu wanda ya san yawan BPA ko dayokzin da ke cikin abincinsa.

Saboda haka ake ɗibar jini, ko fitsari, ko nonon uwa, a kai ɗakin gwaje-gwaje.

A can ana amfani da na'urorin da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, sannan su gane kowanne ta hanyar nauyin ƙwayoyinsa. Ana lissafa sakamakon ne da nanogiram, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram guda.

Sinadarai masu taruwa a kitse ana auna su a jini, sannan a kwatanta da yawan maiƙon da ke cikin jinin. WHO kuma tana gudanar da binciken nonon uwa a ƙasashe daban-daban tun daga shekarar 1987.

Masu saurin fita kuwa a fitsari ake neman su, ko kuma a nemi abin da suka rikiɗa suka zama bayan jiki ya sarrafa su.

Da yake fitsarin wanda ya sha ruwa da yawa ya fi tsinkewa, masana na gyara lissafin ta hanyar auna wani sinadari mai suna kiriyatinin da ƙoda ke fitarwa.

Wata matsalar ita ce gurɓacewar abin da aka ɗiba. Kwalabe da bututun roba na ɗakin gwajin kansa na iya ɗauke da sinadarin da ake nema, don haka sai an yi taka-tsantsan sosai.

Shirin awo mafi shahara shi ne na NHANES, wanda Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ke gudanarwa a kan mutane kimanin dubu biyar a kowace shekara.

A zagayen 2003 zuwa 2004, an samu BPA a fitsarin kusan kashi 93 cikin ɗari na mutane 2,517 da aka gwada.

Me aka gano game da masu daɗewa a jiki?

Dayokzin mafi guba yana ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya bar jiki.

Wannan na nufin jinin da aka ɗiba sau ɗaya tak zai iya ba da labarin abin da mutum ya tara cikin shekaru masu yawa, abin da ya sa awon wannan rukuni ya fi zama abin dogaro.

Alamun farko sun fito ne daga mutanen da sinadaran suka shiga jikinsu da yawa.

A lokacin yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka sun fesa maganin kashe tsirrai da ake kira Agent Orange, wanda ke ɗauke da dayokzin. Rundunar sojin saman ƙasar ta soma bibiyar lafiyar waɗanda suka yi feshin a shekarar 1982.

Wani rahoto na 1997 ya nuna cewa waɗanda jininsu ya fi yawan dayokzin sun fi sauran sojoji kamuwa da ciwon sukari da kimanin kashi 50 cikin ɗari.

A shekarar 2001 gwamnatin Amurka ta saka nau'i na biyu na ciwon sukari cikin cututtukan da ake biyan tsofaffin sojojin Biyetnam diyya a kansu.

A Taiwan kuma, a shekarar 1979 mutane kimanin dubu biyu sun ci man girki da ya gurɓace da PCB. Bayan shekara 24, an ga cewa haɗarin kamuwa da cutar ya ninka sau biyu a tsakanin matan da abin ya shafa, amma ba a ga irin wannan ƙaruwa a tsakanin maza ba.

Binciken da ya fi jan hankalin duniya shi ne wanda Dakta Duk-Hee Lee ta ƙasar Koriya ta Kudu da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2006, inda suka yi amfani da bayanan mutane 2,016 na shirin NHANES.

Sun gano cewa a tsakanin waɗanda jininsu ya fi yawan wasu sinadarai shida masu daɗewa, yiwuwar samun ciwon sukari ta ninka kusan sau 38 idan aka kwatanta da waɗanda jininsu ya fi ƙarancin sinadaran.

Sai dai ba dukkan bincike ne ya zo da sakamako iri ɗaya ba.

A ranar 10 ga watan Yuli na 1976, wani haɗari a wata masana'anta kusa da garin Seveso na Italiya ya watsa dayokzin a yankin. Likitoci sun ɗebi jinin mazauna wurin suka adana, aka kuma auna shi bayan shekaru, lokacin da aka samu na'urorin da za su iya.

Da aka bibiyi mata kusan dubu ɗaya daga cikinsu har tsawon shekara 30, ba a ga ƙaruwar ciwon sukari daidai da yawan dayokzin da ke jininsu ba.

Haka nan sakamakon PFAS ya sha bamban. Wani kwamitin masana da ya yi nazarin mutane kimanin dubu 69 da suka sha gurɓataccen ruwa a jihohin Ohayo da Bajiniya ta Yamma ya ce a shekarar 2012 bai ga alaƙa da nau'i na biyu na cutar ba.

Amma wani bincike na 2022 a kan mata 1,237 masu matsakaicin shekaru a Amurka ya ga alaƙar.

Me ya sa awon BPA ya fi wuya?

Rabin BPA da mutum ya ci yana fita ta fitsari cikin ƙasa da sa'a shida.

Ke nan fitsarin da aka ɗiba da safe yana nuna abin da mutum ya ci jiya ne kawai, alhali ciwon sukari cuta ce da ke ɗaukar shekaru tana ginuwa.

Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Harvard a shekarar 2011 ya nuna girman wannan sauyi. Mutane 75 sun sha miyar gwangwani sau ɗaya a rana na kwana biyar, sai BPA da ke fitsarinsu ya ƙaru da fiye da kashi 1,000 cikin ɗari, idan aka kwatanta da lokacin da suka sha miyar da aka dafa da ɗanyen kaya.

A shekarar 2008 wasu masana daga birnin Exeter na Ingila sun duba bayanan mutane 1,455 na shirin NHANES, suka ga cewa masu yawan BPA a fitsari sun fi yawan ciwon sukari da ciwon zuciya.

Da aka duba bayanan zagayen 2005 zuwa 2006 su kaɗai, alaƙar da ciwon sukari ba ta fito fili ba.

Bincike mafi ƙarfi shi ne wanda ake auna mutane tun suna da lafiya, sannan a jira a ga wanda zai kamu.

Wani irinsa da aka yi a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka, aka wallafa a 2014, ya ga alaƙa a tsakanin masu matsakaicin shekaru, bai kuwa ga alaƙar a tsakanin tsofaffi ba.

Wani kuma a Faransa, wanda ya bibiyi mutane 755 na shekara tara tare da auna fitsarinsu sau biyu, ya ba da rahoto a 2019 cewa haɗarin ya ƙaru ga masu yawan BPA, da kuma masu BPS, sinadarin da wasu masana'antu suka maye gurbinsa da shi.

Masana sun yi nuni da cewa kuskuren awo irin wannan galibi yana dusashe alaƙar da ke akwai ne, ta yadda za ta yi kama da ƙarama ko ma ta ɓace.

Me kuma ke iya ruɗar da sakamako?

Ganin abubuwa biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan.

Alal misali, mai yawan cin abincin gwangwani da shan lemon roba yana iya samun BPA da yawa, amma kuma yana samun sukari da maiƙo da yawa, waɗanda su kansu suna jawo cutar.

Akwai kuma yiwuwar cewa cutar ce ta sauya awon. Ciwon sukari yana shafar aikin ƙoda da yawan fitsari, kuma idan mutum ya rame, sinadaran da ke ɓoye a kitsensa sukan kwararo cikin jini.

Shekaru ma suna da tasiri, domin tsofaffi sun fi tara sinadarai masu daɗewa, su ne kuma suka fi kamuwa da ciwon sukari.

Bugu da ƙari, jikin mutum ɗaya na ɗauke da sinadarai iri-iri a lokaci guda, don haka da wuya a ware laifin kowanne.

Lokacin da sinadarin ya shiga jiki shi ma yana da muhimmanci. Gwajin dabbobi ya nuna cewa zaman ciki da ƙuruciya su ne lokuta mafi haɗari, kuma awon da aka yi wa mai shekara 50 ba zai nuna BPA da ya samu a cikin mahaifiyarsa ba.

Ina aka kwana?

A shekarar 2011 Shirin Nazarin Guba na Ƙasa na Amurka ya tara masana domin duba hujjojin.

Bayan nazarin bincike 72 a kan sinadarai masu daɗewa, sun ce alaƙar ta fi ƙarfi a kan dangin DDT, da PCB, da dayokzin, amma hujjojin ba su kai a ce an tabbatar su ne musabbabin cutar ba.

Ƙungiyar likitocin homon ta Endocrine Society kuwa, a sanarwarta ta 2015, ta saka ƙiba da ciwon sukari cikin fannonin da ta ce hujjojinsu sun fi ƙarfi.

Domin inganta awo, masu bincike sun koma ɗibar fitsari sau da dama daga mutum ɗaya, su haɗa shi wuri guda kafin su auna.

A shekarar 2014 masana a Jami'ar Jihar Oregon sun ɓullo da amfani da awarwaron silikon, wanda mutum ke sawa a hannu na wasu kwanaki yana tsotsar sinadaran da ke kewaye da shi.

Tun a 2005 masanin Birtaniya Christopher Wild ya yi kiran a riƙa auna jimillar abubuwan da ke shiga jikin mutum daga cikin mahaifa har zuwa tsufa, kamar yadda ake nazarin ƙwayoyin gado.

Wane mataki hukumomi suka ɗauka?

Yarjejeniyar Stockholm, wadda aka amince da ita a 2001 ta kuma soma aiki a 2004, ta hana ko ta taƙaita sinadarai masu daɗewa guda 12 da farko, aka kuma riƙa ƙara wasu daga baya.

Yarjejeniyar ta bar ƙofar amfani da DDT domin yaƙi da sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

Tarayyar Turai ta hana BPA a kwalaben shayar da jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012, Faransa kuma ta hana shi a dukkan mazubin abinci a 2015.

A shekarar 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta rage yawan BPA da ta ce jiki zai iya jurewa a kullum har ninki dubu 20, kodayake ta dogara ne a kan illarsa ga garkuwar jiki.

A watan Disamba na 2024 Tarayyar Turai ta amince da hana shi a kayayyakin da ke taɓa abinci, tare da bai wa masana'antu wa'adin sauyawa.

Ina matsayin Afirka?

Yawancin manyan binciken an yi su ne a Amurka da Turai da gabashin Asiya, saboda na'urorin awon suna da tsada, suna kuma buƙatar ƙwararru.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba.

Hanyoyin da sinadaran ke shiga jiki kuwa suna nan a nahiyar, musamman ƙona shara a fili, da ƙona tsofaffin kayan lantarki domin ciro ƙarafa, da kuma ragowar magungunan ƙwari da aka riga aka hana.

Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suna cikin Yarjejeniyar Stockholm.

Me mutum zai iya yi?

Ba a cika yin wannan awo a asibitoci ba, kuma babu wani adadi da aka tsayar da zai nuna cewa wani zai kamu da ciwon sukari.

Duk da haka, ana iya rage sinadarai masu saurin fita cikin ɗan lokaci. A wani gwaji na 2011 a Amurka, iyalai biyar sun ci abincin da bai taɓa gwangwani ko roba ba na kwana uku, sai BPA da ke fitsarinsu ya ragu da kimanin kashi biyu cikin uku.

Shawarwarin da masana ke bayarwa sun haɗa da guje wa ɗumama abinci a cikin roba, da rage abincin gwangwani, da wanke kayan lambu sosai, da nisantar hayaƙin shara.

Likitoci kuma na jaddada cewa matakan da aka tabbatar suna rage haɗarin ciwon sukari su ne rage ƙiba, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da daina shan taba, da kuma zuwa gwajin sukarin jini a kai a kai, musamman ga wanda ke da mai cutar a danginsa.